Kafson da Kake Aiko wa Inna

Zuwa ga Yayana Ummaru, a can Kurmi, ƙasar kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wagga takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan sana'a. Ina gajiya, ina kasuwa? An ce albasa ta yi daraja bana a wajenku, Allah ya ƙara albarka. Mutanen Boyekai duk suna gaishe ka.

Na san ranka zai ɓaci da ka ga maganar gidanmu a inda kowa zai karanta. To nawa ran ya riga naka ɓaci. Sau bakwai na kira ka tun ranar da ka kashe mini waya, ba ka ɗauka ba, amma kullum ina ganin hotunan buhunanka a shafinka na sada zumunta, har kana amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya. Tunda nan kake zama, nan na biyo ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu karantawa su yi mini uzuri, magana ce tsakanina da wana, kuma a kan ran uwarmu ce.

Maganar kafson nan ce da kake aiko wa Inna. Yana cutar da ita, Yaya. Likita ta faɗa, ni ma na gani da idona, ita kuma ta ƙi bari.

Bari in ɗauko maka daga farko, don ka daina cewa ban san abin da nake faɗi ba.

Ka san Inna da ƙwannafi tun muna yara. Ta ci tuwo da miyar da ta ji yaji, sai ta jingina da bango tana bugun ƙirji, tana gyatsa mai tsami. Maganinta ɗaya ne, jar kanwa da take jiƙawa a ƙaramin kwanon nan na bayan randa, ta tsiyaye ruwan ta kurɓa. Da Baba ya rasu abin ya ƙaru, sai hawan jini ya zo ya tarar. Shi an ɗora ta a kan maganinsa tuntuni. Ni nake tasowa daga Wurno duk wata in kai ta awo, in amso mata.

Da ka zo babbar sallar bara, ka gan ta tana wannan bugun ƙirji. Ba ka ce mata komi ba, ita ma ba ta ɗaga kai ta dube ka ba. Kai ɗan fari ne. Tun da ta haife ka bakinta bai taɓa kama sunanka ba, sai dai ta ce "na Gandi", don can Kaka ta yaye ka, ta riƙe ka har ka girma. Ni ka ja gefe a ƙofar gida ka tambaye ni tun yaushe take haka. Ka ce kai ma ka yi irinsa har abinci ya fita ranka, wani likita a can ya duba ka ya rubuta maka wani kafso, ka sha na 'yan makonni ka warke sarai.

Bayan sati biyu, ranar kasuwar Goronyo, sai ga direban motar albasa da ƙulli. Kwali shida. Takardar da anka rubuta maka, kai Ummaru, ƙaton da ke saɓa buhu a kafaɗa, ita ka kai kemis anka ba ka, ka aiko wa tsohuwa mai hawan jini. Wanda ya sayar maka bai tambaye ka na wane ne ba. Ban san shi ba, shi da Allah.

Ba zan wanke kaina ba. Ni ma na yi murna. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu, ban ko warware 'yar takardar da ke naɗe cikin kwalin ba. Na ce abin da Yaya ya sha ya warke, mi za a tsaya dubawa? Kuma wallahi farkon abin ya yi aiki. Inna ta ci ɗanwake da yaji ta tashi lafiya, tana ta sa albarka ba tare da ta ce ga wanda take sa wa ba.

Amma ka san yadda take shan sa? Inna ba ta iya haɗiye kafso, wai maƙale mata yake yi. Sai ta ɓare shi ta zazzage garin cikin kunun kanwa da safe, ko cikin fura da nono da rana. In ta ji ƙirjin ya motsa, ta ƙara ɗaya. Ranar da anka yi suna a maƙwabta ta ci waina da taushe, uku ta sha. Kanwarta ta bayan randa kuwa tana nan daram. Da na yi magana sai ta ce, "Don an yi baƙo ba a korar na gida."

Ba ita kaɗai ba ma. Gwaggo Hassi, ƙanwar Baba, ta sha. Matar liman ta sha. Duk macen da ta shigo gidanmu ta dafe ciki, Inna za ta ƙulle mata biyu a gefen gyale, ta ce, "Maganin na Gandi na, daga Kurmi yat taho." Da ka ga fuskarta in tana faɗin haka. Na ɗauka alfahari ne kawai irin na tsofaffi, na yi dariya na wuce.

Wajen girbin gero na fara lura. Takalminta na roba ya soma barin shata a bayan ƙafarta. Zoben azurfar da ke hannunta tun kafin a haife ni, sai da munka sa sabulu ya fita. Ta koma yin salla a zaune. Daga ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta dafa bango ta huta, Inna da ke surfe turmi biyu kafin hantsi. Wata rana na danna ƙaurinta da yatsa, na ɗauke, ramin ya zauna bai taso ba.

Wani malamin asibiti maƙwabcinmu a Wurno ya ce kada in tsaya, in kai ta Sakkwato, kuma in tafi da duk abin da take sha, ko na gargajiya ne. Na tattara katinta da maganin hawan jininta. Zan fita na ga kwalinka guda da ya ƙare a gindin gado, na jefa a jaka.

Likitar mace ce, yarinya ce ma a kanmu, amma akwai haƙuri. Ta auna jinin Inna, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Ta tambaya ko tana shan maganinta kullum, na ce ba fashi. Ta ce to ban da shi mi take sha? Inna ta ce, "Babu komi, ɗiyata, sai hura." Ta ƙarƙashin hijabi kuma ta mintsine ni a cinya.

Ka dai san mintsinin Inna. Sai da na ga likita ta ɗauki biro za ta ƙara mata ƙarfin maganin hawan jini, a kan abin da ba ta san tushensa ba, sannan na ciro kwalin na aje a kan tebur. Inna ba ta sake duban inda nake ba har munka iso gida.

Ga abin da likita ta ce, ka karanta a hankali, don ba ni na ƙirƙira ba.

Ta ce maganin ba jabu ba ne, maganin kirki ne, kuma likitanka bai yi kuskure ba da ya rubuta maka. Kafso ɗaya ne amma magani biyu ke ciki. Ɗaya yana rage ruwan tsamin da ciki ke yi, wanda ke tasowa ya ƙona ƙirji. Ɗayan kuma dangin kanwa ne, gishiri ne. Shi wannan gishirin yana riƙe ruwa a jiki, ya ɗaga jini, ya ƙara wa zuciya da ƙoda aiki. Mai ƙarfi irinka ya sha ɗaya a rana na ɗan lokaci, jikinsa ya fitar da shi. Inna kuwa biyu take sha, wata rana uku, a kan kanwarta, a kan gishirin miya da dunƙule, wata da watanni. Maganin hawan jini yana ja ƙasa, naka yana ja sama.

Ta ce ko wanda anka rubuta wa, akwai yadda ake shan sa. Sau ɗaya a rana, ciki babu komi, a jira kamar awa guda kafin a ci abinci. A haɗiye shi ɗungurungum da ruwa zalla. Ba a ɓare shi, ba a zuba shi a kunu, ba a bin sa da nono. In an manta, ba a haɗa biyu don a rama. In kwanakin da anka ɗiba sun cika, a koma wa likita, ba a koma kemis da tsohuwar takarda ba. Kuma kafin a rubuta wa mutum shi, sai an tambaye shi ko yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda, da sauran magungunan da yake sha, don akwai waɗanda ba sa jituwa da shi.

Wa ya yi wa Inna ko ɗaya daga cikin waɗanga tambayoyi? Kai ko direban mota?

Ta ƙara da cewa ƙwannafin da ya daɗe haka bincike yake so, ba a yi ta danne shi ba, don magani yana iya rufe wani ciwon da ke ƙasa. In mutum ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, ko ya yi aman jini, ko abinci yana tsaya masa a wuya, ko yana rama ba dalili, ko ciwon ƙirjin yana sauka hannu, to ba zancen kafso ba ne, asibiti ne a ranar. Wannan don kai na rubuto shi, don matarka ta gaya mini har yau kana sha duk sanda ka ga dama, shekara ta zagayo.

Ta rubuta wa Inna nata maganin ƙwannafin, ƙaramar ƙwaya wadda babu wannan gishirin a ciki, wadda ba ta wuyar haɗiya. Ta ba ta na rage ruwan jiki, ta sa anka ɗebi jini don a duba ƙoda. Ta ce mu dawo bayan sati biyu. In kumburin bai sauka ba, in jinin bai sauko ba, kwantar da ita za a yi, don zuciyar ta fara gajiya. Haka ta faɗa, ba ta ɓoye mini ba.

Abin da zai ba ka mamaki, Inna ta bar kanwa. Da hannunta ta zubar, ta wanke kwanon ta kife. Kanwar da take sha tun kafin a yi mata aure. Ta rage gishiri a miya, tana ci tana tsaki. Ta yarda ta riƙa cin tuwo da wuri, ba ta kishingiɗa da zarar ta ci. Matar liman da sauran duk na bi su gida-gida na ce su bari, sun bari. Komi likita ta ce, Inna ta yi, sai abu ɗaya. Kafsonka yana cikin adakarta, mabuɗin yana ɗaure a bakin zaninta. Kullum da safe sai na tsinci ɓawon guda a ƙarƙashin tabarma.

Na yi lallashi. Na yi faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce mata likita ta hana, ta ce likita ba ta san shi ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ni da na bar mijina da ɗalibaina na tare a Boyekai, maganata ba ta kai ta kwalin da ya zo a motar albasa ba.

Rannan tana wanka na kwance mabuɗin na kwashe su duka. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Ba ta karya ba, ba ta ci na rana ba, maganin hawan jinin ma ta ƙi amsa daga hannuna. Da la'asar Gwaggo Hassi ta shigo ta ga halin da ake ciki, ta ce mini, "Ke auta, kin san abin da kinka taɓa kuwa? Mai da mata." Na mayar. Ina kuka na mayar, don ban san wanne ya fi wani ba, ta sha abin da ke kumbura ta ko ta ƙi abin da ke riƙe da ita.

A ranar na kira ka. Na ɗauka da ka ji za ka ce subhanallahi, a zubar. Sai ka ce, "Ke Balki, tun yaushe kinka zama likita? Ni na sha, na warke." Na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, jikinka ba nata ba ne. Ka ce likitocin nan so suke a sayi nasu. Sannan ka ce, "Ko kin fi ni son ta ne?" Ka kashe waya.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne na kasuwar da ta wuce. Wasu kwali shida, kuma ka ce wa direba kada ya ba ni, ya sa a hannun Inna. Haba Yaya. Da ni kake gardama, amma jikinta ne ke amsa. Garin neman gira za mu rasa ido, kuma kai kana can nesa, ni ce zan riƙe ta a bayan mota zuwa Sakkwato tana numfashi sama-sama.

Na yi kwana biyu ina jin haushinka, har na rubuta wata takardar da ta fi wagga zafi na goge. Abin da ya sa na goge, tambayar nan taka ce da ta ƙi barin kunnena.

Ban fi ka son ta ba. Na dai fi ka samun ta. Ni auta ce, ni anka goya a fili, ni anka yi wa tawai, sunana take kira tun daga ɗaki har ƙofar gida. Kai ko ciwo ka yi kana yaro, sai dai ta aiki wani ya dubo ka. In ka zo gaishe ta, daga bakin ƙofa kake durƙusawa, ta amsa tana kallon tsintar wakenta. In za ka koma ba ta rakiya, sai dai Gwaggo Hassi ta biyo ka da ƙullin daddawa da kuka, ta ce in ji mutanen gida. Ka san waye mutanen gidan. In ta ji rediyo ya ambaci wata fitina a kudu, ba ta tambaya ta kai tsaye, sai ta ce, "Can Kurmi ko ruwa ya sauka?" Sai na ce na yi waya, kowa lafiya, sannan ta ci abinci.

Shekara arba'in da wani abu kuna haka. Sai ga shi rana ɗaya ka aiko abu, ta sha, ta ji sauƙi. Na gane abin da ya sa ba ka son a ce maka shi ne ke cutar da ita. Da ni ce, ni ma ba zan so ji ba.

Jiya da rana ina shafa mata man kaɗe a ƙafafu, sun yi sulɓi saboda kumburi. Ban yi faɗa ba wannan karon. Na ce, Inna, kin fa san wanga abu ne ke yi miki haka.

Ta dubi ƙafafun. Sannan ta ce, "Na sani, Balki. Ni ka ɗauke da ƙahwahun, ba ke ba."

Na ce to don mi? Ta ce, "Shinkahwa da mai da shika aikowa, na gida na, kowa na ci. Wanga kau, ciwona yag gani."

Na ci gaba da shafa man. Can ta ja zaninta ta rufe ƙafafun, ta ce, "In ba shi so in sha, shi zo shi amshi abinai da hannunai. Ba ta waya ba."

To ka ji, Yaya. Likita ba ta iya ba, ni ban iya ba, Gwaggo ba ta ko gwada ba. Litinin mai zuwa za mu koma asibiti, kuma na ga ƙafafun, ban ga alamar sun sauka ba. Motocin da ke kai muku albasa kullum suna dawowa gida. Ka bar wa abokan sana'a rumfar na kwana uku, albasa ba za ta ruɓe a kwana uku ba. Kada ka zo da tsaraba, kada ka zo da wani sabon magani. Ba sai ka yi dogon bayani ba, na san ku biyun ba ku iya ba. Ka durƙusa a bakin ƙofarta yadda ka saba, ka miƙa hannu, ita za ta kwance mabuɗin. Daga nan mu tafi Sakkwato tare, ka ji daga bakin likita, kai ma ta duba ka.

Ban gaya mata zan rubuto maka ba. Amma yau da hantsi, da waɗannan ƙafafun nata, ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin baƙi, tana yi tana hutawa, ta hana ni amsa. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Kafson yau kuma ta riga ta sha shi.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sassauta mata, ya sa kaffara ne. Allah ya jiƙan Baba da Kaka. Allah ya yafe mini ɗaga muryar da na yi mata, da wadda na yi maka a gaban mutane. Allah ya huci zuciyarka, ya tsare maka hanya, ya kawo ka ka same ta a zaune.

Wassalam.

Autarku,
Balkisu